Tsohuwar Jita Ba Itacen Wuta Ba Ce

A makon da muke sharar ɗakin ajiya na majami'armu domin shirin Kirsimeti muka ci karo da ita a bayan karyayyun bencina, ƙura ta rufe ta ruf. Jita ce wadda zumuntar matasa suka yi shekara da shekaru suna kaɗawa, a sujadar Lahadi, da wurin bikin aure, da fita wa'azi ƙauyuka. Tsirkiya biyu kaɗai suka rage a jikinta, su ma sun yi tsatsa. Fuskarta ta tsage, jakin da ke riƙe da tsirkiyoyin kuma ya ɗaga har mutum yana iya zura wuƙa a ƙarƙashinsa. Wani ya ce a ba yara su yi wasa da ita, wani ya ce a jefa ta a murhu. Ma'aji kuwa ya tuna mana cewa kuɗin sabuwa ba ya cikin asusu, ga shi rufin majami'a yana jiran kwano.

Mun sani ba mu kaɗai ba ne. Da wuya a sami ikilisiyar da ba ta da irin wannan jita a jingine a wani lungu, alhali matasa suna yawon aro. Mun ɗauki tamu muka gyara, yau tana aiki. Abin da muka koya shi ne muke so mu ba 'yan'uwa masu karatu: yawancin tsofaffin jitocin nan suna da sauran rai, kuma gaggawar masu gyara ta fi tsufa hallaka su.

Me ke lalata jita?

Abu biyu ne, wato ja da bushewa. Jita mai tsirkiyar ƙarfe, wadda makaɗa ke ce wa waya, idan an ɗaure duka shida daidai suna jan jaki da wuya da ƙarfin da ya kai kilo 70, nauyin babban mutum ke nan, dare da rana. Katakon fuskar da ke ɗauke da wannan ja kuwa kaurinsa bai cika wuce milimita 3 ba.

Sa'an nan ga yanayinmu. Masu ƙera jita sun fi son a ajiye ta a inda laimar iska take tsakanin kashi 45 da 55 bisa ɗari. A nan Arewa, cikin hunturu laimar takan sauka ƙasa da kashi 20, da damina kuma ta haura kashi 70. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kamar yadda ƙofar ɗaki take cijewa a watan Agusta ta saki a watan Janairu. Idan fuskar jita ta tsuke alhali gefenta yana manne, ba ta da mafita sai tsagewa. Zafin ɗakin kwano ko na bayan mota kuma yana sa gam ya yi laushi, jan tsirkiya ya ɗaga jakin a hankali.

A fara da dubawa

Abu na fari, a sassauta tsirkiyoyi a cire su. A share ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi, kada a wanke da ruwa da sabulu. Sai a zura ƙaramin madubi da tocila ta bakin ramin a duba ciki. Za a ga 'yan siraran itatuwa a manne a bayan fuska, su ne haƙarƙarin jita. A ƙwanƙwasa fuskar da yatsa wuri wuri. Inda aka ji ƙara kamar ta fasasshiyar ƙwarya, to, wani haƙarƙari ya saki a wurin. Idan aka ga garin katako yana zuba daga 'yan ƙananan ramuka, ƙwari sun shiga, sai a duba iyakar ɓarnarsu kafin a kashe ko kwabo.

Abu na biyu, a san irin jitar da ke hannu, gama iri biyu ne. Akwai mai tsirkiyar nailan, wadda wuyanta ke da faɗi, ana kuma ɗaure tsirkiyarta a jikin jaki kamar ƙulli. A dā da hanjin tumaki ake yin tsirkiyarta, sai a ƙarshen shekarun 1940 Albert Augustine na birnin New York ya fitar da ta nailan. Janta wajen rabin na ƙarfe ne, kilo 35 zuwa 40. Akwai kuma mai tsirkiyar ƙarfe, wadda galibi ake cusa gindin tsirkiyarta cikin jaki a toshe da 'yan turaku shida. Haƙarƙarinta na ciki a gicciye suke kamar harafin X, tsarin da kamfanin Martin ya yi fice da shi tun tsakiyar ƙarni na 19. Wani Bajamushe, Christian Frederick Martin, ya kafa kamfanin a New York a 1833, ya koma da shi garin Nazareth na jihar Pennsylvania a Amurka a 1839.

Dalilin wannan bayani shi ne, sau da yawa akan sa wa jitar nailan tsirkiyar ƙarfe domin ita ce ake samu a kasuwa, ko domin ta fi ƙara. Ba a gina ta don wannan nauyi ba. Ba da jimawa ba jaki zai ɗaga, wuya ya lanƙwashe. Kowace jita a ba ta tsirkiyar da aka yi ta dominta.

Tsaga da jaki

Da muka ga tsagar, zuciyarmu ta ba mu mu cika ta da gam nan take. Wani dattijon kafinta a cikinmu ya hana. Ya ce katakon ƙishirwa yake ji, a fara ba shi ruwa. Muka jiƙa soso muka matse shi sarai, muka sa a cikin leda mai 'yan huji, muka rataye ta cikin ramin jitar yadda ba za ta taɓa katako ba. Sa'an nan muka sa jitar duka cikin babbar leda muka ɗaure. Kowane kwana biyu mukan sake jiƙa soson. Bayan mako biyu tsagar ta haɗe har sai an duba da kyau ake ganinta. A lokacin ne aka tura gam cikinta da yatsa, aka goge saura da ɗanyen ƙyalle, aka kuma manna 'yan ƙananan faci na siririn katako ta ciki, jijiyarsu a gicciye da ta fuskar, domin kada tsagar ta sake buɗewa.

Batun gam yana da muhimmanci ƙwarai. Masu ƙera kayan kiɗa tun dā suna amfani da gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabba, domin yana bushewa da tauri, kuma idan an sa masa zafi da laima yana saki, wanda zai yi gyara nan gaba ya sami hanya. In ba a same shi ba, gam mai kyau na katako irin na kafintoci ya isa. Amma a guji gam na masu gyaran takalma, gama roba ne, yana miƙewa a ƙarƙashin ja. A guji kuma zuba gam mai kamawa nan take ko mai haɗi biyu a ƙarƙashin jaki, domin ranar da za a cire shi sai ya taho da naman katako. Ƙusa da sukurori kuwa kada a ko kawo su kusa. Mun taɓa ganin jitar da aka kafe jakinta da ƙusa huɗu, fuskar ta rabe biyu. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Jakin da ya ɗaga, cire shi ake yi ɗungum. A rufe fentin da ke kewaye da kwali, a ɗumama jakin a hankali da dutsen guga a bisa ƙyalle, a riƙa zura siririyar wuƙa marar kaifi har ya saki. A kankare tsohon gam daga jikinsa da kuma daga mazauninsa har katako ya bayyana, gama sabon gam ba ya kama tsoho, ba ya kuma kama fenti. A shafa gam, a mayar da jakin daidai kan shaidarsa, a matse shi da abin matsi ta cikin ramin tare da ɗan katako a ciki don tokara. A bar shi a matse kwana ɗaya cur, a ƙara masa kwana biyu kafin a ɗaura tsirkiya.

Wuya da tsayin tsirkiya

Jitar da tsirkiyarta ta yi nisa da wuya tana yanka yatsa, ita ce ke korar masu koyo. Ga yadda ake aunawa bayan an ɗaura tsirkiya. A danne mafi kauri a ƙarfe na 1 da na 14 cikin ƙarafan da ke jere a wuya, a duba tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe na 7. Kaurin katin gayyata ya isa, wato wajen rubu'in milimita. In ta fi haka da yawa, wuya ya lanƙwashe.

Yawancin jitocin ƙarfe suna da sandar ƙarfe a ɓoye cikin wuya, dabarar da wani ma'aikacin kamfanin Gibson, Thaddeus McHugh, ya yi wa rajista a farkon shekarun 1920. Kanta yana can wajen kan jita ko ta cikin ramin, ana juya shi da makulli mai kusurwa shida. Juyawa dama tana miƙar da wuya. Rubu'in juyi kawai a yi, a bari ya kwana, a sake aunawa. In ya cije, a dakata, gama karyewar sandar nan babbar hasara ce. Jitocin nailan galibi ba su da ita.

Bayan haka a auna tsayin tsirkiya a ƙarfe na 12. A jitar ƙarfe, wajen milimita 2.5 ga mai kauri da milimita 2 ga siririya ya yi daidai, ta nailan kuwa takan ɗan fi haka. Ana rage tsayin ta wurin goge ƙasan farin ɗan ƙashin da ke zaune cikin jaki a kan sanfefa. Lissafin shi ne, in ana so tsirkiya ta sauko da rabin milimita a ƙarfe na 12, sai a rage milimita ɗaya a ƙashin, domin ƙarfen nan yana tsakiyar tsawon tsirkiya. Namu ya ɓace, an sa guntun tsinke a madadinsa. Muka karɓo ƙashin ƙafar sa a wurin mahauci, muka dafa shi har maiƙo ya fita, ya bushe a inuwa, muka yanka da zarto muka daidaita da magagari. Masu ƙera jitoci masu tsada ma ƙashin shanu suke nema, mu kuwa ga shi a kwata.

Akwai inda hannun mai koyo ya kamata ya tsaya. A ɗora doguwar rula a kan ƙarafan wuya a tura ta wajen jaki. In bakinta ya sauka daidai saman jakin, lafiya. In ya faɗi ƙasa sosai, wuyan ne ya sunkuya daga gindinsa, sai an cire shi an sake kafawa, wannan kuwa aikin gwani ne. Haka nan in ƙwari sun cinye haƙarƙari. A irin wannan hali a cire maɗauran tsirkiya da turaku a ajiye, za su yi wa wata jitar amfani.

Kada a yi mata kwalliya

Matasanmu sun so a goge fuskar a shafa mata sabon fenti mai sheƙi. Ba mu yarda ba. Fuskar ita ce muryar jita, kamar yadda fata take ga garaya. Antonio de Torres na ƙasar Sifen, wanda ya tsara jitar da muka sani a yau, ya ƙera wata a 1862 wadda bayanta da gefenta na kwali ne, fuskarta kawai ta katako mai kyau, domin ya nuna cewa a fuska sauti yake. Tana nan a gidan adana kayan kiɗa na birnin Barcelona. Goge fuska yana rage mata ƙarfi, fenti mai kauri kuma yana shaƙe ta. Tabon da ke jikinta shaidar aiki ne, a bar shi.

Sai ɗaurin sabuwar tsirkiya. Ga tsohuwar jita a nemi marar kauri, lamba 10 ko 11. A ɗiga ɗan man keken ɗinki a haƙoran maɗaurai. Ran farko a ɗaure ta ƙasa da muryarta, a duba jaki da safe, sa'an nan a kai ta daidai, wato E, A, D, G, B, E daga mai kauri zuwa siririya. Wayar hannu ma tana iya saita murya yanzu, ko a bi kibod na majami'a. Gwaji na ƙarshe mawaƙa sun san shi: in tsirkiya a sake ta ba da "do", a ƙarfe na 12 dole ta ba da "do" na sama.

Riƙon amana

Kayan jama'a yakan lalace ne domin kowa yana tsammani wani ne ke lura da shi. Muna ba dattawan ikilisiya shawara su danƙa jita a hannun mutum ɗaya da za a tambaya. A ɗinka mata jaka, a hana jingine ta a bango ko barinta a rana, a goge tsirkiya bayan kiɗa. Daga Nuwamba zuwa Maris a riƙa sa mata ɗanyen soso cikin jaka. In za ta daɗe a ajiye, a sassauta tsirkiya kaɗan.

A daren 24 ga Disamba 1818, a majami'ar garin Oberndorf na ƙasar Ostiriya, Joseph Mohr da Franz Gruber suka fara rera waƙar Kirsimetin nan da ake kira Stille Nacht da Jamusanci, wadda aka fassara cikin harsuna masu yawa. Da jita Mohr ya raka ta. Jitar tana ajiye har yau a gidan tarihi na garin Hallein, fiye da shekara 200 ke nan, domin an sami masu lura da ita. Tamu ba ta da irin wannan suna, amma a sujadar Sabuwar Shekara wata yarinya 'yar aji uku ta kaɗa ta, wani dattijo kuma ya matso bayan an tashi ya shafa wuyanta, ya ce da ita ya koyi kiɗa. Abin da muka kashe bai wuce kuɗin tsirkiya da gam ba. 'Yan'uwa, ku leƙa ɗakin ajiyarku wannan mako.