Matsin Rai, Ciwon Damuwa da Mahaɗan Jijiyoyin Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace ƙwaya tana isar da saƙo ga 'yar'uwarta ne ta wata 'yar mahaɗa da ake kira sinas, sunan da masanin nan na Ingila Charles Sherrington ya fito da shi a 1897. A mahaɗar akwai rata siririya, inda ƙwaya ɗaya ke sakin sinadari irin su serotonin ko gulutamet, ɗayar kuma ta karɓe shi a kan wasu 'yan ƙayoyi da ke tsiro a jikin rassanta. Waɗannan mahaɗai suna tohowa suna kuma ƙeƙashewa gwargwadon halin da mutum yake ciki.

Idan mutum ya shiga tashin hankali, wasu ƙullutai da ke saman ƙoda sukan saki sinadarin kotisol, wanda ke da amfani a firgicin ɗan lokaci, amma yakan zama illa idan matsin ya ɗore wata da watanni, kamar na bashi ko jinya ko gudun hijira. Bruce McEwen na Jami'ar Rockefeller da abokan aikinsa sun nuna a farkon shekarun 1990 cewa ɓerayen da aka takura wa kullum har tsawon kwana 21 rassan ƙwayoyinsu suna motsewa a hifokamfus, wato sashen da ke kula da tunawa. Haka ma abin yake a sashen goshi mai auna al'amura da yanke shawara, alhali a amigdala, cibiyar tsoro, rassan ƙaruwa suke yi. A 2012 ne ayarin Ronald Duman na Jami'ar Yale ya ba da rahoton ƙarancin mahaɗai a sashen goshin ƙwaƙwalwar mamatan da suka yi fama da ciwon damuwa. Wanda ake wa kallon raggo ko mai ƙarancin tawakkali, ashe cikin kansa akwai ɓarna ta zahiri.

Maganin fuluoksetin, wanda Amurka ta amince da shi a 1987 da sunan Prozac, yana ƙara yawan serotonin a mahaɗa cikin sa'o'i kaɗan, amma sauƙi ba ya zuwa sai bayan makonni, kuma wannan jinkiri ya nuna cewa bayanin da aka saba yi na “ƙarancin sinadari” bai wadatar ba. Masana da dama suna ganin cewa maganin yana ƙara wani furotin mai raya jijiya da ake kira BDNF, wanda ke taimaka wa ƙayoyin su sake tohowa, kuma toho ba ya yiwuwa a dare ɗaya. Saboda haka mara lafiyar da ya ajiye ƙwayoyin maganinsa bayan mako guda, yana cewa “ba sa yi mini komai”, ya yanke hukunci ne tun aikin bai kankama ba, kuma ko da ya ji sauƙi, daina shan su sai da shawarar likita.

Ketamin, wanda asali maganin sa barci ne a ɗakin tiyata, ya sha bamban, domin ta hanyar gulutamet yake aiki, kuma an nuna a Yale a 2000 cewa yana rage damuwa cikin sa'o'i. Wani binciken ɓeraye na 2019 ya gano cewa sauƙin yana riga sababbin ƙayoyin da ke tohowa bayan an ba da ketamin zuwa, sai dai su ne ke sa ya ɗore, domin da aka goge su da gangan sai wata alamar ciwon ta dawo. A shekarar ne kuma Amurka ta amince da esketamin, wani nau'in ketamin da ake shaƙa ta hanci ƙarƙashin kulawar ma'aikatan asibiti.