Ruwan Wanke Gilashin Mota a Lokacin Hunturu

Ya ku fataken Manga masu bin hanyar Zuru zuwa Kontagora, ku sani ƙurar hunturu, tun daga Nuwamba har Fabrairu, yashi ce mai laushi. Wanda ya kunna waifa bisa busasshen gilashi, lalle ya karce shi. In dare ya yi, hasken motar da ke tafe sai ya watsu cikin karcen ya kashe wa direba ido, alhali ga rayukan bayin Allah a bayansa.

Saboda haka a cika tankin da tataccen ruwa, gama lakar rijiya tana toshe 'yan kafofin feshi. In sun toshe, tsinin allura ya wadatar. Garin sabulu kuwa busar da robar waifa yake yi. Tanki in ya ƙafe, kada a dinga matsa famfo, injinsa zai ƙone.