Kumihimo: Igiyar Takobin Samurai Da Ta Koma Adon Wuya

A shekarar 1876 gwamnatin Japan ta haramta wa samurai rataya takobi a bainar jama'a. Dokar ta taɓa abincin masu sana'ar kumihimo, wato kitson zaren alharini, domin su ne ke kitsa igiyoyin takubba da na haɗa sulke. Maimakon su naɗe hannu, sai suka koma yin obijime, siririyar igiyar da mata ke ɗaure ɗamarar kimono da ita. Shagon Domyo na Tokyo, wanda aka kafa a 1652, har yau yana kan sana'ar.

Ana kitson ne bisa marudai, wani zagayayyen katako mai rami a tsakiya, zaruruwa na reto kewaye da shi, kowanne da ɗan nauyi a gindinsa. Masu koyo a yau kan ɗauki faifan soso mai tsaga 32, su kitsa abin hannu ko sarƙar wuya da zare takwas.

Zaɓen launi kuwa yana da tushe. A zamanin Heian, daga 794 zuwa 1185, matan fada kan jera launukan tufafinsu gwargwadon lokacin shekara: fari bisa ja don furen sakura, ja da rawaya don ganyen kaka. Har yau masu kitson na ɗebo launi daga wannan tsari, kuma inda aka ajiye kowane zare a faifai shi ke yanke irin zanen da zai fito.