Aljani a Kujerar Saurayi: Yadda Katun na Japan Ke Dariya da Abin da Muke Tsoro

A garuruwan bakin iyaka irin su Illo, Lolo da Tsamiya cikin ƙaramar hukumar Bagudo, kamar sauran garuruwan Arewa, fim ba ta sinima yake isa ga mai kallo ba. A rumfar caji ake tura shi cikin waya, ko a sauke shi daga intanet. Finafinan Kannywood da na Indiya masu fassarar Hausa su ne 'yan gida. Amma akwai baƙon da ke kutsowa ta YouTube da TikTok, wato katun na Japan da ake kira anime. Iyaye da yawa da sun ga zane sai su ce wasan yara ne. Alhali wani babban reshe na waɗannan finafinai labarin soyayya ne tsakanin ɗan Adam da halittar ɓoye, an kwaɓa shi da barkwanci.

Tsallaken iyaka ma hanyar a buɗe take. Harshen boko a Malanbil da Segbana na Jamhuriyar Benin Faransanci ne, Faransa kuwa ita ce kasuwa ta biyu a duniya, bayan Japan, ga littattafan zane da ake ciro waɗannan finafinai daga cikinsu. Daga 1987 zuwa 1997 shirin talabijin na Club Dorothée ya saba wa yaran Faransa da anime cikin harshensu.

Daga takarda ake farawa

Sunan littafin zanen manga. Baƙi da fari ne, kuma daga dama zuwa hagu ake karanta shi, yadda muke karanta ajami. Ba ya fitowa a dunƙule. Babi-babi ake buga shi cikin mujallu masu arha, kowace mujalla ɗauke da labarai da dama na mazana daban-daban. Editoci na tattara ra'ayin masu karatu, labarin da ya kasa samun karɓuwa a datse shi, wanda ya karɓu a tara babukansa a yi masa juzu'i. Girman wannan kasuwa ba ƙarami ba ne: a 1995 mujallar Weekly Shōnen Jump ta buga kwafi miliyan 6.53 a fitowa guda.

Galibi sai labari ya ci wannan jarrabawa ake yi masa fim. Kamfanin ɗab'i da gidan talabijin da masu kiɗa da masu ƙera kayan wasa sukan haɗa jari cikin kwamiti guda, su ba ɗakin zane kwangila. Zango ɗaya yakan ƙunshi kashi 12 ko 13, kowane kashi kimanin minti 24. Dabarar rage tsada kuwa tun 1963 Osamu Tezuka ya kafa ta da Astro Boy: maimakon zane 24 a kowace daƙiƙa, a wadatu da kamar 8, baki ya motsa jiki na tsaye, murya da kiɗa su ɗauki sauran nauyin.

Yarinyar da ta gaji wurin bauta

Kyakkyawan misalin soyayyar ɗan Adam da halittar ɓoye shi ne Kamisama Kiss na Julietta Suzuki. Ya fito a mujallar 'yan mata ta Hana to Yume daga 2008 zuwa 2016, ya cika juzu'i 25. Kamfanin TMS Entertainment ya mayar da shi anime ƙarƙashin darakta Akitaro Daichi, kashi 13 a 2012, kashi 12 a 2015.

Jarumar labarin, Nanami, ɗalibar sakandare ce. Mahaifinta ɗan caca ya tsere wa masu binsa bashi, aka kore ta daga gida. Ta ceci wani mutum da kare ya kora saman bishiya, shi kuma ya ce ya bar mata gidansa. Da ta je, ashe kangon wurin bauta ne, mutumin kuwa shi ne majiɓincin wurin da ya yi shekara 20 da barinsa, ya ɗora mata muƙaminsa. Can ta tarar da hadiminsa Tomoe, iskar yanyawa mai siffar saurayi, mai ƙarfin tsiya da girman kai, wanda ya rantse ba zai yi wa 'yar Adam bauta ba.

Sirrin dariyar yana cikin juya iko. Da zarar yarjejeniya ta ƙullu tsakaninsu, dole Tomoe ya bi umarnin Nanami. Wanda a da manyan iskoki ke shakkarsa ya koma mai girki da shara, yana yi yana gunaguni. Mai kallo ba ya tsoronsa, domin an ɗaure shi da doka. Bayan dariyar kuma sai damuwa ta biyo: soyayyar mutum da iska haramtacciya ce a duniyarsu, ita za ta tsufa ta mutu, shi yana nan. A ƙarshen littafin, Tomoe ne ya bar matsayinsa ya zama mutum.

Kashi 25 ba za su ɗauke juzu'i 25 ba. An tsallake babuka, an ƙarasa wani sashe cikin wasu kashi-kashi na musamman da aka sayar tare da littattafan. Haka abin yake sau da yawa: fim ɗin talla ne ga littafin, mai son cikakken labari ya koma takarda.

Ba Suzuki ta fara ba. Tsofaffin tatsuniyoyin Japan cike suke da matan da ba mutane ba, irin su Kuzunoha, yanyawar da ta auri mutum ta haifa masa ɗa, da tsuntsuwar da ta riƙa saƙa wa mijinta tufa da gashin jikinta. Duk a rabuwa suke ƙarewa ranar da asiri ya tonu. Rumiko Takahashi ce ta juya wannan kuka ya zama dariya da Urusei Yatsura, wanda ta zana daga 1978 zuwa 1987, inda Lum mai ƙaho da wutar lantarki ta nace wa wani shashashan saurayi cewa mijinta ne. Oh My Goddess! na Kōsuke Fujishima ya bi sawu daga 1988 zuwa 2014, sannan Dandadan na Yukinobu Tatsu, manga a 2021, anime a 2024.

Namu labarin gargaɗi ne

Mutumin Illo ba baƙon irin wannan zance ba ne. Nan kusa Kogin Kwara ke shigowa Nijeriya, kuma Dandawa da Zabarmawa da Sarkawan da ke bakinsa sun gaji labaran Harakoy Dikko, uwar ruwa. Hausawa na da 'yan ruwa, suna da Doguwa, suna da Ɗan Galadima na bori, ɗan sarki mai almubazzaranci da son mata. Akwai kuma tatsuniyar budurwa mai ruwan ido, wadda ta ƙi samarin gari ta bi kyakkyawan baƙo, a hanya ya riƙa mayar da gaɓoɓin da ya aro har ya koma dodo. Labarin ya game Afirka ta Yamma, marubuci Amos Tutuola ma ya sa irinsa cikin littafinsa na 1952.

Sai dai namu ba ya ƙarewa da biki. Jan kunne ne ga 'ya mace. A rayuwa ta zahiri kuwa, idan aka ce yarinya na da namijin dare ko aljanin soyayya, ba dariya ake yi ba, malamin ruƙiyya ake nema. Dalilin a fili yake. Ga Musulmi aljanu gaskiya ne, sura guda ce da su a Alƙur'ani. Halittun anime kuwa da yawansu daga addinin Shinto da al'adun Japan suka fito, inda ake ganin dutse da kogi da kurmi kowanne da nasa abin girmamawa, abin da ya saɓa wa tauhidi. Don haka uba ko uwa su kalli kashin farko da kansu kafin su bar yaro. Zane ba ya nufin tsafta: Dandadan, alal misali, yana da barkwancin batsa da bai dace da ƙananan yara ba.

Duk da haka, haɗa aljani da raha ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, na 1934, ya haɗa ƙasar aljanu da shaƙiyancin Malam Zurƙe, an kuma yi shekaru ana karanta shi a makarantu.

Abin ɗauka

Darasin da ya fi amfani ba na aljanu ba ne, na tsari ne. Mu ma mun taɓa bin hanyar takarda zuwa allo: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito littafi a 1991, ya zama fim a 1994. Yau marubuta, akasarinsu mata, na sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na mayar da martani nan take. Gwajin da editocin Tokyo ke yi, mu muna samun sa kyauta.

Abu biyu suka rage: mazani da yarjejeniya. Babu mujallar da za ta haɗa marubuciya da mai zane ta biya su duka, kuma sau da yawa babu rubutacciyar yarjejeniyar da za ta ba marubuci kasonsa idan labarinsa ya zama fim. Zane ba ya buƙatar kyamara ko tarin 'yan wasa, wayar hannu da haƙuri sun isa fara babi ɗaya. Labaran bakin kogi da ke bakin tsofaffin Busawa, Dandawa, Hausawa da Fulani na Illo sun ishi juzu'i da yawa, kuma wanda ya taso a cikinsu ne kaɗai ya san inda raha ta halatta da inda za ta zama saɓo.