Ko Kun Sani?

Tsaunin da ya fi kowane tsayi a Najeriya yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti ne, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa. Sunansa Chappal Waddi, tsayinsa ya kai mita 2,419, yana kan iyakarmu da Kamaru. Shi kansa gandun, da aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a ƙasar, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000.

Hawan tsaunin tafiya ce ta kwanaki a ƙasa, da ɗan jagora da masu dako, ana ƙetare rafuka ana kwana a tanti. Can sama kuwa sanyi ake yi na gaske, wanda ya je ba bargo zai ji a jikinsa. Da rani ake zuwa, domin da damina koguna kan cika su tare hanya.

Abin da ya fi burge ni shi ne birran cimfanzi na wannan daji. Sukan karyo reshe su zage ganyensa, su zura a rami su lakato zuma, ko su tsoma shi cikin kwarkwasa su suɗe. Da magariba kowanne ya lanƙwasa rassa a kan bishiya ya yi wa kansa makwanci.

Kusa da ƙauyen Gashaka har yau akwai kufan sansanin da Jamusawa suka gina zamanin mulkin mallaka. Ta garin Serti ake shiga, a nan ne ofishin gandun yake.