Karatun Amshi: Yadda Yaro Kan Shekara a Aji Bai San Baƙi Ba

Daga cikin ɗabi'un da suka yi kaka-gida a azuzuwan farko na makarantun firamare a ƙasar Hausa, da wuya a sami wadda ta kai karatun amshi ɓarna, kuma da wuya a sami wadda ake yi wa kallon abin arziki kamarta. Abin da ake nufi da karatun amshi shi ne malami ya rubuta haruffa ko 'yan jimloli a kan allo, ya ɗauki tsumagiya yana nunawa yana faɗa, yara kuma su riƙa maimaitawa da murya ɗaya har ƙarar ta cika unguwa, a yi ta haka tun daga watan Satumba da ake buɗe shekarar karatu har zuwa Yuli da ake rufe ta, ba tare da an taɓa ware yaro ɗaya an miƙa masa abin da bai taɓa ji a bakin malami ba an ce ya karanta. Duk wanda ya bi ta bayan taga ya ji wannan amo sai ya ce lallai ana karatu a makarantar nan, shugaban makaranta ma da shi yake gane cewa malami yana cikin aji, iyaye kuwa idan yaro ya dawo gida yana rera abin da aka rera masa sai su yi ta sa wa malami albarka.

Wanda ya shiga ajin ya zauna ya zuba ido zai ga wani abu dabam. Yara uku ko huɗu da ke sahun gaba su ne suke kallon allo da gaske, kuma su ne suke fara furta kalma, sauran sai su cafke ta daga bakinsu su ƙarasa, ta yadda muryar 'yan baya takan ɗan makara kaɗan a kowace kalma. A can ƙarshen aji akwai yaron da ke zaune a ƙasa, idonsa na kan taga ko kan mai tallan gyaɗa a bakin ƙofa, bakinsa kuma na motsi daidai da na kowa, alhali bai san ko wane layi tsumagiyar take nunawa ba. Idan malami ya tsallake layi ɗaya, ko ya faro daga ƙasa zuwa sama, nan take amon zai faɗi, a ji wasu suna ci gaba da rera layin da aka tsallake domin shi ne ke biye a kansu. Akan ga yaro ya riƙe littafi a juye yana zuba jimlolin shafin babu gargada, akan kuma ga wanda bakinsa ya gama jimla yatsansa bai kai tsakiyarta ba. Waɗannan yara an mayar da su 'yan amshin Shata, kuma laifin ba nasu ba ne, domin abin da aka nema a wurinsu shi suka bayar.

Karatu aiki biyu ne da ke tafiya tare. Na farko shi ne mayar da alamar da ke kan takarda ta zama sauti, wato yaro ya ga baƙi da wasali ya san furucin kowannensu, ya haɗa su su ba shi gaɓa, wadda ita ce guntun kalma da ake furtawa a bugu ɗaya, sannan ya haɗa gaɓoɓi su ba shi kalma. Na biyu shi ne fahimtar abin da kalmomin suke nufi idan sun jeru a jimla. Karatun amshi bai taɓa ko ɗaya daga cikin biyun ba, hadda ce kawai ta kunne. Hadda tana da muhallinta da darajarta, amma ko makarantar allo, wadda wasu ke ɗauka hadda ce zalla, ba ta yarda da irin wannan sakaci ba. Almajiri yakan fara da gajerun surori a ka, duk da haka ba a cewa ya iya karatu sai ya bi ta babbaƙu, inda ake koyon baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, ya wuce zuwa farfaru, inda ake ɗora musu wasula, kuma kowane almajiri da allonsa yake zuwa gaban malam ya biya shi kaɗai, ba ya wanke allo a yi masa ƙari sai malam ya ji da kunnensa cewa ya iya. Abin takaici ne a ce makarantar boko, mai manhaja da jadawali da masu duba malamai, ta kasa riƙe wannan ƙa'ida da ke gaban idonta tun kaka da kakanni.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne, an auna shi. Akwai wani gwaji da ake kira EGRA, wanda aka ƙirƙiro a 2006 don auna karatun yaran azuzuwan farko, kuma asirinsa ɗaya ne: ana zaunar da yaro shi kaɗai, a ba shi haruffa da kalmomi da ɗan gajeren labari, a ƙirga abin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Da aka yi wannan gwaji da Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013, an tarar mafi yawan yaran da aka gwada a ƙananan azuzuwa ba su iya karanta ko da kalma ɗaya ta labarin ba, a harshen da suke magana da shi a gida. Wannan ne ya sa daga baya aka shigo da littattafan Mu Karanta a waɗannan jihohi biyu, aka kuma yi shirin RANA a Katsina da Zamfara. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kusan tara cikin goma na yaran Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi a shekara goma da haihuwa, kuma da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta kullum, suna amshi da iyakar ƙarfinsu.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda ake fara wa yaro da sunayen haruffa na Turanci, musamman a makarantun kuɗi da suka cika lunguna, inda ake jingina harafin farko da tuffa, 'ya'yan itacen da yaron ƙila bai taɓa ɗanɗanawa ba, a harshen da ba ya ji. Sunan harafi a Turanci sau da yawa ba shi ne furucinsa ba, saboda haka yaron da aka koya wa kiran harafin a da «e», da harafin i da «ai», da harafin c da «si», idan aka rubuta masa «ci» ko «baba» sai ya tsaya yana jera sunaye, ba abin da zai haɗu a bakinsa. Rubutun boko na Hausa kuwa yana cikin masu sauƙin koyo, domin wasulansa biyar ne, kusan kowane harafi da furucinsa guda, kuma yawancin gaɓoɓi baƙi ne da wasali. Wahalarsa ba ta wuce baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da ƙw, sai kuma tsawon wasali da karin sauti da ba a nunawa a rubutu, waɗanda mai jin harshen yake gane su daga ma'anar jimla. Manufar ilimi ta Najeriya ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna cewa yin hakan bai tauye musu Turanci ba. Hukumomi na iya sauya matsayi a kan harshen koyarwa, amma yaro sau ɗaya yake gano dabarar haɗa baƙi da wasali, kuma ya fi saurin gano ta a harshen da yake ji, daga nan ya ɗauke ta ya shiga Turanci da ita.

Shekarar karatu zango uku ce, kuma ta ishi yaron aji ɗaya mai lafiya ya fara karanta Hausa idan an yi amfani da ita yadda ya kamata. Zangon farko na kunne ne da baki da hannu: a saba wa yaro da rarrabe sautin da kalma ta fara da shi, a yi tafi ana rarraba suna gaɓa-gaɓa, a koya masa riƙon fensir da bin layi daga hagu zuwa dama, abin da yake buƙatar kulawa ga yaron da ya saba da allo daga dama zuwa hagu, sannan a shigo da wasula da baƙaƙe kaɗan-kaɗan, biyu ko uku a mako, ana haɗa su nan take ba tare da jiran a gama jerin haruffa ba. Yaron da ya san a da n da m da k ya riga ya iya karanta «nama» da «kaka» da «makama», kuma ranar da ya haɗa kalmarsa ta farko da kansa ta fi masa wata guda na amshi. Zango na biyu na kalmomi ne da gajerun jimloli da shifta, wato malami ya faɗa yaro ya rubuta, domin shifta ba ta da sahun baya da za a ɓuya a cikinsa. Zango na uku na gajerun labarai ne da tambayoyi a kansu. Sai dai makonnin farko na kowane zango sukan tafi a shara da jiran yara su dawo, na ƙarshe su tafi a jarrabawa da cika kati, ranakun kasuwa da lokacin girbi kuma su kwashi nasu rabon.

Jarrabawar ƙarshen shekara ita ce ya kamata ta tona wannan asiri, amma ita ma an mayar da ita amshi a rubuce, domin malami yakan rubuta tambaya a allo, ya karanta ta, wani lokaci har ya nuna inda amsar take, yara su kwafi siffar haruffa kamar masu zanen hoto. Daga nan a cika kati da maki masu kyau, a ciyar da kowa gaba, malamin aji biyu ya karɓi yara yana zaton sun iya, ya ɗora daga inda manhaja ta ce, yaron da bai san baƙi ba ya yi ta hawa aji har ya kai aji huɗu inda darussa suka koma na wanda ya iya karatu, a nan ne za a fara kiransa daƙiƙi ana zane shi, an bar jaki ana dukan taiki. Iyaye ma suna da kaso babba a wannan sakaci. Uban da zai biya kuɗin bikin yaye yara daga nazare, da rigar biki da hula da hoto da abincin rabo, shi ne kuma zai shekara bai sayi littafin labari ko ɗaya ya ajiye a gida ba, kuma tambayarsa a ƙarshen zango ba ta wuce na nawa yaro ya zo ba, kamar zuwa na uku a ajin da babu mai iya karatu wani abin alfahari ne.

Cunkoson aji da ƙarancin littattafai da jinkirin albashi duk gaskiya ne, kowa ya san su, amma ba su zama hujjar a shekara ba a saurari yaro shi kaɗai ba. Malamin da ke da yara ɗari, idan ya kira biyar kullum ya ba kowanne minti ɗaya ko biyu yayin da sauran ke rubutu, cikin mako huɗu ya ji muryar kowa, ya kuma san waɗanda za a dawo da su sahun gaba a sake musu daga wasula. Ko a cikin karatun taron ma yana iya nuna kalmomi ba bisa jeri ba, ya canja jimla kullum da kalmomin da aka riga aka koya, ya sa layi ɗaya na yara su karanta sauran su saurara.

Gwajin da ya fi kowanne amfani kuwa a gida ake yin sa, kuma ba ya cin ko kwabo. A sami takarda a rubuta haruffa goma a hargitse, ba bisa jerin da aka saba rerawa ba, a ƙarƙashinsu gaɓoɓi kamar «mu» da «ƙa» da «tsi», sannan kalmomi biyar na gida irin su «tuwo» da «rijiya» da «akuya», sai jimla ɗaya da aka ƙirƙira a lokacin, wadda ba ta cikin littafin makaranta. A zaunar da yaro shi kaɗai, ba tsawa ba bulala, ba kuma yayansa a gefe yana raɗa masa, a ce ya karanta yana nunawa da yatsa, idan ya gama jimlar a tambaye shi abin da ta ce. Inda ya tsaya nan ne matsayinsa na gaskiya, ko me kati ya nuna. Iyayen da ba su yi boko ba suna iya sa wani ɗalibin sakandare na maƙwabta ya yi musu, su kuma su zauna su kalla, domin gane mai karatu daga mai lalube ba ya buƙatar satifiket. Ya kamata a maimaita wannan a ƙarshen kowane zango, da sababbin kalmomi kowane karo, a kuma adana takardun don a ga ko ana gaba. Idan yaro yana matso da takarda dab da idonsa, ko yana yawan cewa a maimaita masa, a kai shi asibiti a duba ido da kunne kafin a yanke masa hukuncin rashin ƙwaƙwalwa.

Ɓangaren fahimta kuma tun daga tsakar gida ake gina shi, da tatsuniya da kacici-kacici da hira da yaro ana sauraron amsarsa, da karanta masa littafi irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam ana tsayawa ana tambayarsa me yake jin zai faru, alhali shi da kansa yana fama da ƙananan littattafai irin Ka Koyi Karatu. Dogon hutun da ke tsakanin Yuli da Satumba yakan zubar da abin da yaro ya tara idan ba a taɓa takarda ba, kuma minti goma bayan sallar Magariba ya isa ya tsare wannan asara.

Ya rage ga iyaye, a taron iyaye da malamai na gaba, su tambayi shugaban makaranta yara nawa ne a aji biyu suke iya karanta jimlar da ba su taɓa gani ba, su kuma nemi a kira yaran ɗaya bayan ɗaya a gwada a gabansu.