Sujadar Lahadi da Zaman Jama'a a Ikilisiyar Anglika ta Wusasa

1.0 Gabatarwa

Idan masu nazarin harshe da al'adun Hausawa suka zo maganar addini, galibi sukan tsaya ne a kan Musulunci, sa'an nan su waiwayi bori da sauran al'adun Maguzawa. Wannan ba abin mamaki ba ne, tun da ya ke mafi yawan Hausawa Musulmi ne. Sai dai kuma akwai wani rukuni na Hausawa, ko da ya ke ba su da yawa, waɗanda suka shekara fiye da ɗari suna ibadar Kirista da harshen Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda a ke gudanar da ibadar mako-mako a ikilisiyar ɗariƙar Anglika, da yadda ibadar ta ke ɗaure zaman jama'a, tare da ɗaukar Wusasa ta ƙasar Zazzau a matsayin misali. Abin da za mu nuna shi ne, tsarin ibadar daga Ingila ya zo, amma kalmomin da a ke yin ta da su, da zumuncin da ke kewaye da ita, a ƙasar Hausa aka samo su.

2.0 Kafuwar Ikilisiyar Wusasa

A shekarar 1900 ne wata tawaga ta ƙungiyar mishan ta C.M.S., a ƙarƙashin jagorancin Bishop Tugwell, ta isa Kano, amma Sarki Alu ya ƙi ba su izinin zama. Cikin wannan tawaga akwai wani likita, Walter Miller, wanda daga baya ya sami zama a cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. A 1913 wasu daga cikin Isawa suka neme shi. Su Isawa mabiyan wani Malam Ibrahim ne da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan matsayin Annabi Isa. Waɗanda suka karɓi Kiristanci daga cikinsu sun kafa ƙauye a Gimi, amma ciwon barci ya hallaka da yawa, sauran suka tashi.

A wajajen 1929 aka mayar da mishan ɗin bayan ganuwar birni, zuwa Wusasa. A nan aka gina majami'a a ƙarƙashin kulawar Guy Bullen, aka sa mata sunan Bartalamawas, ɗaya daga cikin almajiran Yesu goma sha biyu. Ginin ƙasa ne irin na Hausawa, da tubali da bakan gizo, kamar yadda magina su ke yi wa zaurukan sarakuna da masallatai. Kusa da ita aka yi makaranta da asibiti. Daga wannan ƙaramin gari ne aka sami Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, domin mahaifinsa mai bishara ne na mishan ɗin. A 1997 Wusasa ta zama mazaunin bishop mai zaman kansa.

3.0 Tsarin Sujadar Lahadi

Abin da ya bambanta ɗariƙar Anglika da wasu ɗariƙun Kirista da ke Arewa shi ne, ibadarta rubutacciya ce. Tushenta shi ne Littafin Addu'a da Thomas Cranmer, Babban Bishop na Kantabari, ya tsara a 1549, aka yi ta gyara shi har ya tsaya a sigar 1662, wadda 'yan mishan suka zo da ita. Bayan da ikilisiyar Nijeriya ta sami 'yancin kanta a 1979 ta yi nata gyare-gyaren, amma ƙashin bayan tsarin bai canja ba. Daga cikin ƙa'idoji 39 na aƙidar ɗariƙar, ta 24 ta hana a yi addu'ar jam'i da harshen da jama'a ba su ji. Ke nan fassara ibada zuwa Hausa wajibi ne a kan 'yan mishan bisa aƙidarsu.

Sujada iri biyu a ke yi ran Lahadi da safe, watau Addu'ar Safiya da Jibin Ubangiji. Addu'ar Safiya takan fara da shigowar mawaƙa da limami cikin jeri. Daga nan jama'a su durƙusa su furta zunubansu baki ɗaya, limami ya sanar da gafarar Allah ga masu tuba, a yi Addu'ar Ubangiji. Sai a karanta ko a rera Zabura, wadda littafin 1662 ya rarraba surorinta 150 yadda za a sauke ta sau ɗaya kowane wata. Bayan haka a yi karatu biyu, na farko daga Tsohon Alkawari, na biyu daga Sabon Alkawari, kowanne da waƙar yabo a bayansa. Jama'a su miƙe su faɗi shaidar bangaskiya, a yi gajerun addu'o'i, sa'an nan wa'azi, da baiko, da sanarwa, limami ya sa albarka a watse.

Jibin Ubangiji kuwa tunawa ne da abincin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa. Limami kaɗai ke da ikon keɓe gurasa da ruwan inabi, kuma bisa al'adar ɗariƙar sai wanda aka yi wa baftisma, bishop ya ɗora masa hannu, shi ke zuwa ya karɓa. A ƙauyukan da babu limami, mai bishara ne ke jagorantar Addu'ar Safiya, Jibi kuwa sai ranar da limami ya zagayo.

Abin lura a nan shi ne, jama'a ba 'yan kallo ba ne. Limami ya faɗa, su amsa; a tsaya don yabo, a zauna don sauraro, a durƙusa don addu'a. Da ya ke kalmomin su ne dai a ke maimaitawa kowane mako, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba takan haddace su sarai, yaro kuma ya tashi da su a bakinsa tun bai iya karatu ba. Ta wannan hanya ce Hausar majami'a ta kafu ta zama wani salo na musamman.

4.0 Kalmomin Ibada

Masu fassarar farko sun tarar da Hausa ta riga ta mallaki kalmomin addini masu yawa da ta aro daga Larabci ta hanyar Musulunci. Ba su ƙirƙiro sababbi ba sai inda ya zama dole. Ana iya kasa kalmomin gida uku.

Kashi na farko su ne waɗanda aka ɗauko ba tare da wani babban canji ba, kamar Allah, addu'a, wa'azi, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, Zabura, da Almasihu. Ita kanta kalmar majami'a tushenta ɗaya da jama'a da Jumma'a, watau taruwa, Lahadi kuwa ranar farko ce ta mako a lissafin Larabawa.

Kashi na biyu, wanda ya fi jawo hankalin mai nazari, su ne kalmomin da ma'anarsu ta gusa. Alal misali, sujada a wurin Musulmi ita ce ɗora goshi a ƙasa cikin salla, amma a majami'a tana nufin dukan ibadar tun daga farko har ƙarshe, ko da ba wanda ya kai goshi ƙasa. Kalmar salla kuwa an bar wa Musulmi abarsu. Almajiri a gari yaro ne mai karatun allo, a majami'a kuwa mabiyin Yesu ne. Ceto a wurin Musulmi roƙon da Annabi zai yi wa al'umma ranar ƙiyama ne, a wurin Kirista kuwa kuɓuta ce daga zunubi ta mutuwar Almasihu. Zakka a majami'a ɗaya bisa goma ce ta abin da mutum ya samu, wanda ya yi daidai da zakkar amfanin gonar damina a fiƙihu, amma ya saɓa wa ta kuɗi, wadda ta ke ɗaya bisa arba'in. Haka nan baiko, wanda a al'adar aure ya ke nufin tsayar da magana tsakanin dangin saurayi da na budurwa, ya zama sunan abin da a ke bayarwa lokacin sujada. Jibi tsohuwar kalma ce mai nufin abinci, wadda ba a cika jin ta a bakin yaran birni ba, amma majami'a ta riƙe ta.

Kashi na uku su ne baƙin kalmomi da suka shigo tare da addinin, kamar ikilisiya da baftisma, waɗanda asalinsu harshen Girka ne, da coci da fasto da bishop, waɗanda suka biyo ta Ingilishi.

Waɗannan kalmomi sun daidaita ne ta hanyar Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932, wanda Likita Miller ya yi mafi yawan aikin fassararsa, da sabuwar fassarar da ta fito a wajajen 1980. Ya kamata kuma a tuna cewa G. P. Bargery, mai babban ƙamusun nan na 1934, shi ma da aikin mishan na C.M.S. ya fara shigowa ƙasar nan.

5.0 Daga Lahadi Zuwa Lahadi

Ikilisiya a tsarin Anglika ba ta ƙarewa da watsewar sujada. Limami ne shugaba, amma yana da wakilai biyu daga cikin jama'a, ɗaya shi ya ke zaɓa, ɗaya jama'a ke zaɓa, akwai kuma majalisar ikilisiya da a ke zaɓa a taron shekara-shekara, mai kula da kuɗi da gine-gine. A tsakiyar mako kowace ikilisiya tana da ranakun da ta keɓe don nazarin Littafi Mai Tsarki, da koyon waƙa, da koyar da masu shirin baftisma ko ɗora hannu.

Lokacin sanarwa ran Lahadi shi ne ya ke haɗa ibada da zaman gari. A nan a ke jin wanda ya haihu, da wanda ke kwance a asibiti, da wanda ya rasu, da baƙon da ya zo. A nan kuma a ke shelar aure Lahadi uku a jere, domin duk wanda ya san wani dalilin da zai hana ya fito ya faɗa. Abin da aka sanar, ƙungiyoyi ne ke ɗaukar nauyinsa. Akwai Ƙungiyar Iyaye Mata da Mary Sumner ta kafa a Ingila a 1876, akwai kuma Zumuntar Mata, wadda a majami'un Arewa ta tsiro. Matan zumunta su ne ke zuwa barka da gaisuwar mutuwa da dubiya, su ne ke girki ranar suna da biki, kamar dai yadda a ke gudummawa a kowace unguwar Hausawa. Waƙoƙinsu ma sun bambanta da na littafin waƙoƙi, waɗanda galibinsu fassara ce a kan karin Turawa. Su nasu tsarin bayarwa da amshi ne, da kiɗan tulu da caki da ganga.

Shekara ma tana da nata zagaye. Akwai makonni huɗu na shirin Kirsimeti, da azumin kwana 40 da ke farawa ran Larabar Toka, da Ista, da Fentikos. Bikin godiyar kaka kuwa ya dace ƙwarai da rayuwar manoma, domin a ranar ne a ke kawo damman dawa da gero da masara da kaji a gaban bagade, a sayar, kuɗin ya shiga aikin ikilisiya.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda tsarin da aka rubuta a Ingila a ƙarni na 16 ya sami gindin zama a ƙasar Zazzau, da yadda ya yi amfani da kalmomin da Musulunci ya riga ya shuka, ya juya ma'anar wasu daga cikinsu. Wannan yana da muhimmanci ta fuska biyu. Na farko, maƙwabta biyu, Musulmi da Kirista, suna iya furta ceto ko sujada ko zakka, kowa yana nufin abu dabam, alhali suna zaton magana ɗaya su ke yi. Malamin da ke koyar da ajin da ya haɗa 'ya'yan ɓangarorin biyu, da mai fassara, da mai tsara ƙamus, duk suna bukatar sanin wannan bambanci. Na biyu, Hausar majami'a ba ta tsaya ga Hausawa ba. Ita ce harshen ibada na ƙabilu masu yawa a Filato da kudancin Kaduna da Bauci da Adamawa, inda ta ke ɗaukar sabon lafazi da sabon nahawu, a lokacin da sujadar Ingilishi ke ƙara jan matasa a birane. Saboda haka akwai aiki a gaban ɗaliban jami'o'inmu: a naɗi wa'azi da addu'o'in dattawa da waƙoƙin zumunta, a kwatanta fassarar 1932 da ta bayanta, a tattara kalmomin da ma'anoninsu, tun masu riƙe da tsohuwar Hausar Wusasa suna raye.